Tabar Dubiya

Har yau a Argungu akwai waɗanda idan aka ambace ni sai su ce, ai shi ne wanda ya ci mutuncin baƙi a zauren kawunsa. Ba ƙarya suke yi ba, ni ne. Na ƙwace kyauta daga hannun mara lafiya a gaban dattawan da suka kawo ta, kuma da za a maido da kwanakin nan da na sake ƙwacewa. Ina da laifuffuka da nake roƙon Allah gafara a kansu, wasu ma za su fito a cikin wannan labari, amma wannan ba ya cikinsu.

Lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato. Karatuna bai wuce firamare ba, daga nan na kafa tebur a bakin tasha, ina sayar da ashana da sabulu da sukari da alawa da taba. Tabar ce ke riƙe da teburin. Mai sayen sabulu sai mako ya zagayo kake ganinsa, mai sayen taba kuwa kafin azahar ya dawo. Ni kaina ina sha, ba kaɗan ba.

Mahaifiyata 'yar masunta ce, aka aurar da ita ga manomi, saboda haka ni ban tashi a ruwa ba, tsoronsa ma nake ji. Yayanta, wato kawuna, yana da ɗa tsarana wanda ya gaji sana'ar su. Ɗan mace da ɗan namiji, mun zama taubasai ke nan. A wurinmu taubashi yana da izinin da ba wanda yake da shi. Zai zage ka a cikin mutane, ya cire maka hula, ya ɗauke abin da ke hannunka, idan ka yi fushi kuma kai za a yi wa dariya. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana. Ni na koya masa taba tun muna samari. Bayan na kafa tebur, duk ranar da ya fito daga gulbi sai ya biyo ta tasha, ya sa hannu ya zari kara, ya ce, "Na amshi jangali, bawa."

In ce, "Tahi can, mai ƙarnin kihi."

Sai mu yi dariya, in kyasta masa ashana da hannuna. Shekaru muna haka.

Wata shekara, bayan ruwa ya fara janyewa daga fadama, tari ya kama shi. Da ma yana tari irin na masu taba, ba wanda ya damu. Wannan karon sai ya zo da zazzaɓi, numfashi ya riƙa yi masa wuya, har ya kasa ɗaga homa, ragar da suke kama kifi da ita. Aka gwada na gida, aka gwada asibitin garinmu, daga baya aka ce a wuce da shi Birnin Kebbi. Matarsa tana jego, kawu ya tsufa, sai jinya ta faɗo a kaina. Na rufe tebur na bi shi.

Ya daɗe a kwance. Ina kwana a tabarma a baranda tare da sauran masu jinya. Da farko bai ko tuna da taba ba, numfashin da zai yi magana ma nema yake. Sai da sauƙi ya fara samuwa sannan abin ya taso masa. Ni kuwa ina zagayawa bayan katanga in sha abata, in tauna goro, in dawo in zauna a bakin gadonsa kamar mutumin kirki. Sai ya kamo hannun rigata ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Matso kusa, bawa," in ji shi, "ko ƙamshin in samu."

Na ɗauka wasa ne, ina ta dariya.

Ranar sallama likita ya yi mana bayani a fili. Ya ce wannan ciwon ya warke, amma huhun ya riga ya yi rauni. Idan ya koma taba zai dawo gadon nan, kuma ba tabbas ya sake fita da ƙafarsa. Da likita ya wuce, sai wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau wadda ba ta da yawan magana, ta tsayar da mu muna naɗe tabarma.

Ta ce, "Malam, nan ba wuya, don nan ba mai miƙa mashi. Wuyar tana gida. Muna sallamar irinshi da niyya mai kyau, sai mu gan su sun dawo. Wa za shi tsaya a kanshi?"

Na ce, "Ni."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai da ke warinta?"

Ba ta ja maganar ba, ta ci gaba. Ta ce kada a bar taba kusa da shi. Idan sha'awar ta taso a ba shi abin da zai sa a baki, asuwaki ko aya ko rake. Ta ce zai yi faɗa, zai kasa barci, zai ga baƙin kowa, a yi haƙuri da shi don abin yana wucewa. A kuma dawo da shi ranar da aka sa masa. A cikin mota taubashina ya yi ta rantsuwa cewa shi da taba har abada. Na yarda da shi, kuma na san shi ma ya yarda da kansa.

Washegari na buɗe tebur, sai ciniki ya buɗe irin wanda ban saba gani ba. Masuntan da na sani da sayen kara ɗaya suna zuwa suna cewa a ba su kwali. Na ce a raina lallai mutanen nan sun yi kewata. Can sai ga dattijon da ke jagorantar jirgin su taubashina, mutumin da ya koya masa kamun kifi tun yana yaro, wanda dukanmu muke ce wa Baba.

Ya ce, "Ba ni kwali guda, na kirki. Dubiya za ni."

"Dubiyar wa, Baba?"

"Ɗan'uwanka mana. An ce kun dawo."

Na ji abin da ya faɗa sarai, amma hannuna ya miƙa kwalin, ɗayan ya karɓi kuɗin. Sai da ya yi nisa sannan na rufe tebur na bi bayansa.

A wurinmu, idan mutum ya tashi daga ciwo, mai zuwa dubiya yana kawo masa abin da ya san ransa yana so. Mai son fura a kai masa fura, mai son goro a kai masa goro. Shi kuma sai ya taɓa a gaban wanda ya kawo, ko da kaɗan ne, don a ga lafiya ta samu, a kuma ga ya karɓa da hannu biyu. Ka ture kyautar dubiya, kamar ka ce wa mutum ba ka buƙatar addu'arsa ne. Kowa a bakin gulbi ya san abin da ran taubashina yake so. Ba mugunta ce ta kawo su ba, ƙauna ce.

Na iske zauren kawu cike. Taubashina yana jingine da matashi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A gefensa ga busasshen kifi, ga ƙwaryar fura, ga kwalayen taba an jera, duk na teburina. Baba ya riga ya ɓare nasa ya sa masa kara a baki.

"Ja kaɗan, ɗana, ƙirji ya buɗe," in ji Baba. "Maganin asibiti ba ya hidda sanyin ruwa."

Daga bakin ƙofa na ce, "Baba, likita ya hana."

Bai ko juyo ba. "Likitan ya taɓa shiga gulbi da asuba?"

Zaure ya ɗauki dariya. Baba ya laluba aljihu ya ciro ashana. Taubashina ya ɗago ido ya dube ni, kuma har yau ban sani ba ko taimako yake nema ko so yake in kau da kai. Ba ni da bakin da zan gyara wa dattijo magana a gidan da ba nawa ba. Ba ni da ikon riƙe hannunsa. Abu ɗaya kawai nake da shi, shi na ɗauka. Na tsallaka ƙafafun mutane, na fizge karan daga bakin taubashina, na tattara kwalayen nan na zuba a gaban rigata, na ɗaga murya.

"Na amshi jangali, bawa! Shekara nawa kana ci a teburina? Yau ranata ta."

Sai wani daga kusurwa ya ce, "Taubashi ya kama taubashi!" Zaure ya sake fashewa da dariya, har da Baba, ashana tana hannunsa. Ba wanda zai iya cewa komai. An kawo kyauta, mai ita ya karɓa, taubashinsa ya ƙwace. Ba a ƙi kowa ba, kuma ba a kunna komai ba.

Daga ranar na maido da tabarmata ƙofar zauren. Duk wanda ya zo da kifi ko goro in yi masa maraba. Wanda ya zo da taba in bari sai ta shiga hannun taubashina, sannan in amshi jangali. Da farko ana dariya, sai dariyar ta fara raguwa, daga baya ta ƙare. Mutane ba wawaye ba ne, sun gane ba wasa ya zaunar da ni a wurin ba.

Shi kansa ya fi kowa jin haushi. Abin da matar nan ta faɗa duk ya faru. Ya daina barci, abinci ba ya yi masa daɗi, kukan jaririyarsa ma ɓata masa rai yake yi. Na kawo masa asuwaki, ya jefe ni da shi.

"Ni akuya na, da za ka ba ni icce?"

"Akuya ta hi ka hankali, ita ba ta shan hayaƙi."

"Wanga ba wasa na ba, bawa. Mugunta ta. Kara guda, guda tak, mi za shi yi man?"

"Tambayi gadon da ka baro Birni."

Matarsa ta riƙa aiko da aya daga cikin gida. Yana ci yana zagina, ina ramawa. Wani zagin na wasa ne, wani kuwa daga zuciya yake fitowa, na ji bambancin, na haɗiye.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne maganar wani abokin aikinsa. Na ƙwace kwalin da ya kawo, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Kai dai ka iya kasuwa. Ka saida muna, ka amshe, gobe ka maida tebur ka sake saida muna."

Maganar ta soke ni, domin kwalayen suna ɗakina a cikin katan, kuma wallahi na riga na yi wannan tunanin. Na ce wa kaina ai ba za a zubar da dukiya ba.

Ba a daɗe ba kawu ya aika a kira ni. Na same shi a inuwar rumbu yana gyaran raga. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Da taubashinka kaka wasa, ko da baƙina?"

"Da shi, Kawu."

"To mi ya sa baƙina ka hita gidana da ɓacin rai?"

Na ce, "Kawu, in ka hana ni, na bari. Amma sai ka hwaɗa da bakinka cewa ɗan ƙanwarka ba shi da ikon wasa da ɗanka."

Ya ajiye ragar ya dube ni. Ya san rashin kunya na yi masa, ni ma na sani. Amma ya san ba zai iya furta abin da na nema ba.

Ya ce, "Ba ni hana abin da na iske. Amma an ce kasuwa kaka ci da ciwon ɗana. Wagga magana, tahi ka wanke kanka."

Da safe, lokacin da jirage ke fitowa mata suna jiran kifi, na ɗauko katan a kai na nufi bakin gulbi. Na haɗa wadda na ƙwace da wadda ta rage a tebur. Na ari daro a hannun wata mai sayen kifi, na cika shi da ruwa, na fara ɓare kwalaye ina zubawa. Kafin in yi nisa an kewaye ni.

"Ya haukace!"

"Kai, in ba ka so ba mu mana!"

"Asibiti ya kamata a bar wanga, ba mara lahiyar ba."

Na sa ƙafa na tattake su har ruwan ya koma kamar jiƙon magani. Baba yana tsaye da sandar tuƙi, ya ce, "Almubazzaranci." Na ce, "Na ji, Baba. Daga yau ba taba a teburina. Mai son dubiya ya kai mashi kihi."

Ban san taubashina yana wurin ba. Ranar ce fitarsa ta farko, ya dogaro sanda ya biyo ni. Ya ratso mutane yana murmushi, na ɗauka yabo ya kawo. Sai ya zura hannu a aljihun rigata na ƙirji, ya zaro kwalin da na ɓoye wa kaina.

"Na amshi jangali," in ji shi.

Bakin gulbi ya kaure da ihu. Na zubar da ta kowa, na ajiye tawa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ya zaro kara ɗaya ya riƙe a tsakanin yatsu yana juyawa. Na san ko a rame ya fi ni ƙarfi, kuma ashana ba ta da wuyar samu a wurin.

"Ashe naka huhun na ƙarhe na?" ya ce. Sai murmushin ya bar fuskarsa. "Ji nan, bawa. Kai ka koya man ita. Duk karan da ka sha, sai na sha guda. In ka bari, na bari. Ga mutane shaida."

Ya jefa karan da kwalin a cikin daron.

Ban taɓa nufin in bar taba ba. Nufina shi ya bari. A lokacin na gane wahalar da nake ta yi masa wa'azi a kai. Kaina ya riƙa sarawa, hannuna yana zuwa aljihu da kansa ya dawo wayam. Ciniki ya faɗi, masu sayen taba suka koma teburin maƙwabcina, suka tafi da cinikin ashana da na alawa. Da yamma in je zauren kawu mu zauna mu biyu, tasar aya a tsakaninmu, muna tauna muna harare-harare.

Na karya alkawarin, kuma zan faɗa yadda aka yi. Na je Birnin Kebbi saro kaya. A tasha na duba hagu na duba dama, ba wanda ya san ni. Na sayi kara ɗaya na shanye a bayan wata mota. Na kurkure baki, na tauna goro, na ce wa kaina nisan ya isa ya ɗauke warin. Da la'asar na iso, na biya ta zaure kamar kullum. Muna gaisawa ya kamo hannun rigata ya kai hanci, kamar yadda yake yi a asibiti. Ya tashi ya fita. Jim kaɗan ya dawo da kara ɗaya da ashana, ya zauna a gabana.

Na kai hannu zan fizge, ya buge hannun.

"Wagga ba ta jangali ta ba. Taka ta. Kai ka saye ta."

Ya kunna ya ja. Bai kai ga ja na biyu ba tari ya sarƙe shi. Ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya dafa ƙasa, fuskarsa ta yi baƙi, ƙirjin yana wannan ƙarar da na kwana ina ji a Birnin Kebbi. Na taka karan, na riƙe shi, ina kiran sunan Allah. Matarsa ta fito da gudu, jaririya a kafaɗa. Da numfashinsa ya dawo ta ga guntun tabar a ƙasa, ta dube shi, ta dube ni. Ba mace ce mai ɗaga murya ba.

Ta ce, "Kai ka ce ka tsaya mai."

Ta juya ta koma ciki. Tun daga ranar taba ba ta sake shiga bakina ba. Ba ƙarfin hali ne ya hana ni ba. Duk lokacin da na so ta sai in gan shi a kan gwiwoyinsa.

Ƙarfi ya dawo masa a hankali, lokacin komawa ruwa ya yi, don daga gulbin gidan yake ci. A nan ne babbar wuyar take. A jirginsu kara ɗaya ake kunnawa saboda sanyin safiya. Baba ne ke kunnawa daga baya, ya ja, ya miƙa, ya bi hannu-hannu har goshin jirgi. Ba a tsallake kowa, kuma wanda ya ƙi karɓa kamar ya ce yana ƙyamar bakin 'yan'uwansa ne. Shi da kansa ya gaya mini, ba tare da wasa ba.

"A tudu na iya, bawa. A ruwa ban sani ba. In Baba ya miƙo, ba ni iya ce mai a'a."

Washegari da suka zo tura jirgi suka iske ni a tsaye, na naɗe ƙafar wando.

"Manomi cikin jirgi! Yau kihi ya sha kallo."

"Ina za ka, mai tebur? Ba a saida alawa a tsakiyar gulbi."

Na ce, "Bawana na biyo. Ba ni barin dukiyata ta shiga ruwa ba mai tsaro."

Ba su da hanyar hana ni, jirgin da hannun kawuna a ciki. Na zauna a tsakiya kusa da taubashina, na riƙe gefe da gefe, ina karanta duk addu'ar da na sani. Da aka yi nisa Baba ya kunna. Karan ya biyo hannu-hannu, ya iso hannun taubashina. Na saki gefen jirgi, na fizge, na jefa a ruwa.

"Jangali."

Waɗanda ke gabanmu ba su samu ko ja ɗaya ba. Ranar na sha zagin da ban taɓa sha ba. Washegari na dawo, na sake yi. Suka riƙa girgiza jirgi da gangan har na amayar da kokon da na karya da shi. Wata safiya wani ya ɗan matsa kafaɗa, sai ga ni cikin ruwa. Wurin ba zurfi sosai, amma ni ban sani ba, na yi ta ihu ina shan ruwa har taubashina ya jefo mini gora ya jawo ni. Yana jawo ni yana dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwo, kuma bai yi tari ba.

Ya ce, "Koma tudu, bawa, kar ka mutu a banza."

Na ce, "Gobe ma ina nan."

Na kuwa zo. Baba bai amsa gaisuwata ba. Aka tura jirgi, aka yi nisa, ya kunna, ya ja, ya miƙa. Karan yana matsowa, na saki gefen jirgi na shirya hannu. Sai muryar Baba ta taso daga baya.

"Ku tsallake shi. In ba haka ba wanga manomi ƙare muna taba za shi yi."

Wanda ke riƙe da karan ya ɗan tsaya, sannan ya miƙa ta bayan taubashina zuwa ga na gaba. Taubashina bai ɗago kai ba, yana kallon ruwa, asuwaki a bakinsa. Ba wanda ya ce ya ƙi, ba wanda ya ce ya raina kowa. Baba ne ya ce a tsallake.

Da muka fito Baba ya ce, "Kai, gobe kar in gan ka."

Na ƙara zuwa sau ɗaya don in gani da idona. Karan ya tsallake shi ba tare da kowa ya yi magana ba, kamar da ma haka ake yi. Daga nan na koma teburina.

Ranar da aka sa masa muka koma Birnin Kebbi. Likita ya saurari ƙirjinsa ya gyaɗa kai. Muna fitowa muka gamu da mai tabarau. Ta tambaye shi, ya ce bai koma ba sai sau ɗaya, ya kuma gaya mata dalili, bai rufa mini asiri ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai fa, Malam?"

Kafin in buɗe baki ya ce, "Bawana ya bari. Ni na hana shi."

Baba bai sake sayen ko ashana a teburina ba har Allah ya karɓi ransa. Yana amsa gaisuwata dai, a taƙaice. Na je jana'izarsa, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, domin maganarsa ce ta gama aikin, ko da don ya rabu da ni ya faɗe ta. Wasu har yanzu suna cewa na ɓata taubasantaka, na mayar da wasan zumunci abin cin fuska. Wani ya taɓa gaya mini a gabana cewa ba a yi wasan taubasai don irin abin da na yi ba. Na ce masa shekaru ana amsar jangalin taba a teburina da wannan wasan, ban ji ranar da ya ce an ɓata shi ba.

Jaririyar da aka haifa a lokacin ta yi aure, ubanta ne ya tsaya a ɗaurin auren da ƙafarsa. Numfashinsa bai koma kamar da ba, idan ya hawo gangaren gulbi sai ya tsaya ya huta. Amma yana hawowa. Yana biyowa ta tasha da ƙarnin kifinsa, ya sa hannu ya ɗebi sukari, ya ce ya amshi jangali. Ni kuma kafin in bar shi ya wuce sai na laluba aljihunsa.